Wilfrid na Ripon: Malamin da Ya Yi Jayayya da Sarakunan Ingila

Gabatarwa

Tarihin addinai cike yake da labarin malamai da sarakuna, yadda suke jan zare ɗaya a yau, gobe kuma a ga sun raba gari. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar wani malamin Kirista na ƙasar Ingila mai suna Wilfrid, wanda aka haifa wajen shekarar 634 Miladiyya, watau daidai shekarar da Sayyidina Umar ya karɓi halifanci a Madina. Mutumin nan ya riƙe matsayi uku a cocin Katolika. Da fari ya yi zaman zuhudu, watau ya bar aure ya keɓe kansa don ibada cikin jama'ar da ke bin doka ɗaya. Daga nan ya zama shugaban gidan zuhudu, muƙamin da sunansa a Latin ya samo asali daga kalmar abba, wato uba. A ƙarshe ya zama bishop, mai kula da majami'u da limaman yanki guda.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ra'ayi ɗaya tak Wilfrid ya riƙe tun yana saurayi har ya tsufa: cewa a sha'anin addini maganar Rum ita ce ta ƙarshe, ba ta sarkin ƙasa ba. Wannan ra'ayi shi ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya sa ya shafe shekaru masu yawa yana gudun hijira.

Ƙasar da Ya Tashi a Cikinta

A ƙarni na 7 Ingila ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Ƙananan masarautu ne barkatai, irin su Kent da Sussex da Wessex a kudu, Mercia a tsakiya, sai Northumbria a arewa, inda aka haifi Wilfrid. Addinin Kirista kuwa ta ƙofa biyu ya shigo wa mutanen. A shekarar 597 Paparoma Gregory ya aiko da Augustine da jama'arsa daga Rum, suka sauka a Kent, suka kafa cibiyarsu a Canterbury. A shekarar 635 kuma Sarki Oswald na Northumbria ya nemi malamai daga tsibirin Iona, inda 'yan zuhudun ƙasar Ailan suke zaune, aka aiko masa da Aidan, wanda ya kafa gidan zuhudu a tsibirin Lindisfarne.

Bangarorin nan biyu aƙidarsu ɗaya ce, amma al'adunsu sun sha bamban. Malaman Iona sun shahara da tawali'u da yawon wa'azi a ƙasa, ba su damu da gine-gine ba. Na Rum kuwa tsari suka sa gaba, da bin doka, da majami'un dutse. Sun kuma saɓa a kan abu biyu da ido ke gani: yadda ɗan zuhudu zai aske kansa, da ranar da za a yi Idin Ista.

Ƙuruciya da Neman Ilmi

Wilfrid ɗan manyan mutane ne. Yana da shekara 14 ya bar gidan ubansa ya tafi fadar Sarki Oswiu, inda Sarauniya Eanfled ta ɗauke shi kamar ɗanta. Ita ce ta tura shi Lindisfarne ya yi hidimar wani dattijon bafade da ya shiga zuhudu bayan jikinsa ya shanye. A can ya haddace Zabura. Amma zuciyarsa ba ta kwanta da karatun tsibirin kaɗai ba, ya ƙudura sai ya ga Rum da idonsa. Sarauniya ta aika shi wurin ɗan'uwanta Sarkin Kent, daga nan ya kama hanya wajen shekarar 653 tare da wani saurayi mai suna Benedict Biscop.

A birnin Lyon na ƙasar Faransa babban bishop na garin ya ga hankalin yaron, har ya yi masa tayin auren 'yar ɗan'uwansa da sarautar wani yanki. Wilfrid ya yi godiya, ya ƙi, ya wuce Rum. A can wani malami mai suna Boniface ya karantar da shi Linjila huɗu da lissafin Ista da dokokin coci. A kan hanyar komowa ya sake zama a Lyon shekara uku, aka yi masa aski irin na Rum, watau a aske tsakiyar kai a bar gashi ya kewaye shi kamar rawani. Zaman Faransa ya koya masa wani abu da ba a koyarwa a Lindisfarne: a can bishop babban mutum ne mai ƙasa da dukiya da mabiya, wanda sarki kansa ba ya yi wa kallon raini.

Da ya dawo gida sai ya ƙulla abota da Alhfrith, ɗan Sarki Oswiu, wanda ke riƙe da kudancin masarautar. Wajen shekarar 660 Alhfrith ya ba shi gidan zuhudun Ripon, bayan 'yan zuhudun da ke ciki sun gwammace su tashi da su bar al'adun Iona. Wilfrid ya zama shugaban gidan bai kai shekara 30 ba, ya kuma shigo da dokar Waliyyi Benedict na Italiya, wadda ta tsara wa ɗan zuhudu lokacin addu'a da na aiki da na karatu.

Taron Whitby

Idin Ista shi ne babban idin Kirista, kuma azumin kwana 40 ne ke gabatarsa. Ba shi da tsayayyar rana, domin da wata ake lissafa shi: ranar Lahadin da ta biyo bayan cikar wata, bayan dare da rana sun daidaita tsawo a watan Maris. To, a nan gizo yake saƙar. Mutanen Iona suna amfani da jadawalin da ke zagayowa bayan shekara 84, kuma a wurinsu idi yana faɗawa tsakanin 14 da 20 ga wata. Mutanen Rum kuwa jadawalin shekara 19 suke bi, wanda ya samo asali daga masanan Iskandariya ta Masar, kuma a wurinsu sai tsakanin 15 da 21 ga wata. Saboda haka in 14 ga wata ta faɗo ranar Lahadi, Iona ta yi idi a ranar, Rum kuwa sai mako ya zagayo.

Duk wanda ya san yadda saɓanin ganin wata kan raba gari biyu, wasu na salla wasu na azumi, zai gane nauyin wannan magana. A Northumbria abin har cikin gidan sarki ya shiga. Oswiu ya tashi a hannun malaman Iona, matarsa Eanfled kuwa a Kent ta girma. Akan sami shekarar da sarki ya sauke azumi yana shagalin idi, sarauniya da mutanenta suna nan da sauran mako guda.

A shekarar 664 sarki ya kira taro a gidan zuhudun Whitby, wanda wata mace 'yar sarauta mai suna Hild take shugabanta. Bishop Colman na Lindisfarne ya tsaya wa Iona. A ɗaya ɓangaren babban mai magana shi ne Bishop Agilbert, mutumin Faransa, amma da yake harshen Ingilishi bai zauna a bakinsa ba, sai ya ce Wilfrid ya yi magana a madadinsa, ya fi a yi ta bin tafinta. Colman ya kafa hujja da cewa abin da suka gada ke nan daga magabatansu, mutanen kirki irin su Columba wanda ya kafa Iona, kuma asalinsa daga manzo Yohanna ne. Wilfrid ya mayar masa da cewa shi ya ga yadda ake yi a Rum, inda aka binne Bitrus da Bulus, ya ga na Italiya da Faransa, kuma haka ake yi a Afirka da Masar da ƙasar Girka. Ya ce ba daidai ba ne 'yan tsirarun mutane a tsibirai biyu na ƙarshen duniya su saɓa wa duniya duka, kuma komai tsarkin Columba bai kai Bitrus ba, wanda Kirista suka yi imani an danƙa masa mabuɗan mulkin sama.

Sarki ya tambayi ɓangarorin biyu ko sun yarda an ba Bitrus mabuɗan nan. Duka suka amsa. Sai ya yanke hukunci cewa shi ba zai yi jayayya da mai tsaron ƙofa ba, kada ya je ya tarar ba mai buɗe masa. Colman ya tattara waɗanda suka ƙi sallamawa suka koma Iona, daga bisani ya wuce Ailan. Ita Iona ɗin ma ba ta karɓi lissafin Rum ba sai a shekarar 716.

Akwai abin lura a nan wanda sauran rayuwar Wilfrid ta rataya a kansa. Ya yi nasara da sunan Rum, amma bakin da ya yanke hukuncin bakin sarki ne. Oswiu da 'ya'yansa sun karɓi kalandar Rum, ba su kuwa ce sun miƙa wa Rum ikon naɗa bishop ko tuɓe shi a ƙasarsu ba.

Bishop na York

A shekarar taron aka zaɓi Wilfrid ya zama bishop. Bai yarda malaman Ingila su naɗa shi ba, don yana shakkar ingancin naɗin wasunsu, sai ya ƙetara Faransa, inda bishop 12 suka naɗa shi a garin Compiegne cikin ƙasaitaccen biki. Ya daɗe bai dawo ba. Kafin ya iso, ubangidansa Alhfrith ya ɓace daga tarihi, Oswiu kuma ya naɗa wani malami mai tawali'u, Chad, a kujerar. Wilfrid ya koma Ripon ya zauna shekara uku. Sai a shekarar 669, da sabon babban bishop na Canterbury ya iso, watau Theodore mutumin Tarsus, aka sauke Chad aka ba Wilfrid kujerar York.

Shekaru tara da suka biyo baya su ne ganiyarsa. Ya gyara majami'ar York da ta lalace, ya rufe ta da darma, ya sa gilashi a tagoginta. Ya gina majami'ar dutse a Ripon, ya ba ta Linjila da aka rubuta da ruwan zinariya a kan fata mai launin shunayya. Ya gina wata a Hexham da duwatsun da aka ɗebo daga kufan Rumawa. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na waɗannan majami'u biyu suna nan har yau, ana shiga a gani. Ya kawo mawaƙa daga Kent su koyar da rera addu'a irin ta Rum. Manyan ƙasa suka riƙa kawo masa 'ya'yansu ya rene su, gidajen zuhudu da yawa suka shiga ƙarƙashinsa, in zai yi tafiya kuwa da dakaru yake fita kamar basarake.

Amma fa duk ƙasar da ya yi gini a kanta kyautar gidan sarauta ce, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Oswiu ya rasu a shekarar 670, ɗansa Egfrith ya gaje shi. Matar sabon sarki, Etheldreda, wadda ta ba Wilfrid filin Hexham, ta ƙi zaman aure tana son shiga zuhudu. Sarki ya nemi Wilfrid ya lallashe ta. Maimakon haka shi ne da kansa ya sa mata lulluɓin zuhudu wajen shekarar 672, ta tafi ta kafa gidanta a Ely. Sarki ya haɗiye abin, amma bai manta ba.

Kora da Ɗaukaka Ƙara

Shi kuma Theodore yana da nasa shiri. Yana ganin yankin da Wilfrid ke riƙe da shi ya fi ƙarfin mutum ɗaya, domin ya kama daga kogin Humber har cikin ƙasar Sikotilan ta yau. A shekarar 678 buƙatar sarki da ta babban bishop suka haɗu. Aka kori Wilfrid, aka raba yankinsa uku, aka naɗa sababbin mutane ba tare da an shawarce shi ba. Sai ya yi abin da jama'ar ƙasar ba su saba gani ba: ya ce zai kai ƙara gaban Paparoma.

A hanya ya yi hunturu a ƙasar Frisia, wadda ke cikin Holan ta yau, yana yi wa mutanenta wa'azi. Ya isa Rum a shekarar 679, Paparoma Agatho ya tara majalisa. Hukuncin da aka yanke ya raba gardama ne: a mayar wa Wilfrid kujerarsa, a sauke waɗanda aka naɗa, amma a raba yankin, shi ya zaɓi abokan aikinsa. Ya dawo da takardar a shekarar 680. Sarki Egfrith da majalisarsa suka yi watsi da ita, suka ce da kuɗi aka saye ta, aka tsare shi wata tara, sa'an nan aka kore shi daga ƙasar. Nan ne ya ga iyakar nasarar Whitby: takardar Rum ba ta da dogarai.

Ya nemi mafaka a Mercia da Wessex, amma dangantakar aure da ke tsakanin sarakunan nan da Egfrith ta hana shi zama. Sai ya gangara Sussex, inda yawancin jama'a ba su karɓi addinin Kirista ba tukuna. Shekara biyar da ya yi a can, daga 681 zuwa 686, su ne suka fi nuna ɗaya fuskar mutumin. Ya tarar da yunwa bayan fari mai tsanani, mutanen kuwa ga teku a gabansu amma ba su iya kamun kifinsa ba, sai wani dogon kifi mai kama da maciji da suke kamawa. An ruwaito cewa ya sa aka tattaro tarunansu aka jefa a teku, aka kamo kifi 300, ya raba uku: kashi ɗaya na matalauta, ɗaya na masu taru, ɗaya na jama'arsa. Sarkin Sussex ya ba shi ƙasa a Selsey mai ɗaukar gida 87, a cikinta akwai bayi 250, maza da mata. Ya yi musu baftisma, ya 'yanta su duka.

A shekarar 685 aka kashe Egfrith a yaƙi da mutanen Pict a arewa. Theodore, wanda tsufa ya kama, ya nemi sulhu da Wilfrid, sabon sarki Aldfrith ya dawo da shi. Zaman bai wuce shekara biyar ba rigima ta sake tashi a kan filaye da matsayin Ripon, ya koma Mercia ya yi fiye da shekara goma. A taron Austerfield, wajen shekarar 703, aka ce a bar masa Ripon kaɗai, da sharaɗin ya ajiye aikin bishop, kada kuma ya fita sai da izinin sarki. Ya ƙi. Ya lissafa musu abin da ya yi cikin kusan shekara 40: lissafin Ista, da aski, da rera addu'a, da dokar Benedict. Sa'an nan, yana da shekara kusan 70, ya sake ɗaukar sandarsa ya nufi Rum. Paparoma John na 6 ya saurari ƙarar wata huɗu, ya wanke shi daga zargi, amma ya mayar da maganar gida a sasanta.

Sasantawar ba ta yiwu ba sai bayan rasuwar Aldfrith. A wani taro a bakin kogin Nidd, wajen shekarar 706, aka mayar masa da Ripon da Hexham, ya zama bishop na Hexham. York kuwa ba ta sake komowa hannunsa ba.

Rasuwarsa

Da ya ji ajali ya matso, sai ya sa aka buɗe taskarsa a Ripon ya raba dukiyar kashi huɗu. Kashi ɗaya na majami'un Rum, ɗaya na matalauta, ɗaya na mutanen da suka sha wuyar hijira tare da shi. Na huɗun ya bar wa shugabannin Ripon da Hexham, don su riƙa neman shiri da sarakuna da bishop-bishop ta hanyar kyauta. Wannan wasiyya ta nuna darasin da tsohon ya koya: hujja kaɗai ba ta tsare gida. Ya rasu a Oundle wajen shekarar 709, bayan shekara 45 yana bishop, aka kai gawarsa Ripon. Cocin Katolika tana lissafa shi cikin waliyyanta, tana tunawa da shi ranar 12 ga Oktoba. Cikin waɗanda suka tashi a Ripon akwai Willibrord, wanda ya ci gaba da wa'azin da Wilfrid ya fara a Frisia.

Marubuta Biyu, Mutum Ɗaya

Kusan duk abin da aka sani game da Wilfrid daga alƙalami biyu ya fito. Na farko Stephen ne, limami a Ripon, wanda ya rubuta tarihin maigidansa 'yan shekaru bayan rasuwarsa. Rubutunsa kusa yake da kirari: Wilfrid ba ya kuskure, maƙiyansa kuwa hassada ce ke cinsu, musamman matar Egfrith ta biyu, wadda ya ɗora wa laifin zuga sarki. Na biyu shi ne Bede, ɗan zuhudun Jarrow, wanda ya kammala tarihin cocin Ingila a shekarar 731, kuma ya taɓa ganawa da Wilfrid. Bede yana goyon bayan lissafin Rum ɗari bisa ɗari, ya kuma yaba aikin Sussex, amma in ya zo kan rigingimun sai ya taƙaita. Inda alƙalaminsa ke sakin jiki da yabo shi ne wurin Aidan da Chad da Cuthbert, malaman da ba su tara dukiya ba.

Wannan darasi ne ga duk ɗalibin da ke nazarin tarihin magabata, ko a rubuce ko na baka. Almajiri yakan adana bayanan da wani ba zai sani ba, amma da idon ƙauna yake gani. Wanda ya tsaya nesa kaɗan kuma, shirunsa ma magana ce. Sai an aza ruwayoyin biyu kusa da juna ake ganin mutumin sosai.

Kammalawa

An ga yadda Wilfrid ya tashi a makarantar Iona ya juya mata baya, ya ɗaure ƙasarsa da Rum a taron Whitby, ya gina majami'un da suka shekara fiye da 1,300 ana ganin sauransu. An kuma ga yadda ya nemi abu biyu da ke da wuyar haɗuwa: ya riƙe ƙasa da dukiya daga hannun sarakuna, ya kuma ƙi su yi iko da kujerarsa. Sau biyu Rum ta ba shi gaskiya, sau biyu kuma maganar ba ta zauna ba sai da sarkin da ke gaba da shi ya kau. Theodore ma ya yi gaskiya a nasa ɓangaren, domin rabon yankin da Wilfrid ya ƙi shi ne ya tabbata. Duk da haka hanyar da ya buɗe ta kai ƙara Rum ba ta toshe ba, malaman Ingila sun yi ta binta har ƙarni na 16, sa'ad da Sarki Henry na 8 ya hana ta da doka a shekarar 1533. Tambayar da rayuwarsa ta tayar, watau ina ikon sarki ya tsaya, ina na malami ya fara, ta girme shi, ta kuma daɗe bayansa.